Abin Da Hadi Yake Sha

Shafi na 19

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Na ga saƙonninku. Masu cewa na bar ku tsaye a ƙofar ɗakin jarirai tun ranar Talata, ku yi haƙuri, kwana uku ba mu ga wuta ba a unguwarmu. Masu tambaya ko Hadi zai rayu, ba zan tsallaka muku ba, tare za mu isa. Duk wanda yake jinya a cikin wannan yanayi da ake ciki, Allah Ya kawo masa sauƙi.

*

Kwana goma sha shida ke nan Hadi yana cikin kwalba.

Mahaifinsa Badaru ya riga ya saba da dokokin ɗakin. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya wanke hannu har gwiwa, ya zura koriyar rigar nan da ake ɗaurewa ta baya. Manomin da ya saba shiga ko'ina da taɓo a ƙafa, yanzu har ƙarƙashin farcensa yake dubawa.

Ya tsaya a kan kwalba ta huɗu daga taga.

Yaron yana kwance, daga shi sai ɗan ƙunzugu. Robar iska a hanci, ta abinci a baki, wata 'yar jar fitila a ɗaure a tafin ƙafarsa. Ranar da aka haife shi, yana wata bakwai a ciki, bai kai tsawon zangarniyar gero mai kyau ba. Yau ma bai kai ba. Amma Badaru ya ga kamar kumatun sun ɗan ciko.

Ciki biyu suka zube wa matarsa Furera kafin wannan. Shi ne na farko da ya yi kuka.

"Malam Badaru."

Likita Lawan ne, mai kula da ɗakin, da takardu a hannu.

"In ka gama ganinsa, ka same ni a teburi."

Badaru ya bi shi da ido. A kwanakin nan ya gane cewa in labari mai sauƙi ne a tsaye ake faɗinsa. Wanda ake cewa a zauna, shi ne abin tsoro.

"Kwantar da hankalinka," in ji likitan da suka zauna. "Ka tuna ranar da muka gwada masa madarar gwangwani?"

Ya tuna mana. Cikin yaron ya kumbura ya yi tamau yana sheƙi, yana mayar da wani koren abu, har da jini a bayan gidansa. Mako guda cur ba a saka masa komai a ciki ba sai ƙarin ruwa ta jijiya.

"Hanjinsa bai yi ƙwari ba, shi ya sa. Amma tun da muka fara ba shi nono, kwana shida ke nan, cikin ya sauka, yana riƙe abin da aka ba shi. Jiya ma ya ƙara nauyi kaɗan."

"Alhamdu lillahi."

"Shi ya sa nake so in ji shirinku. Matar da take taimaka muku yau za a sallame ta. Me kuka yanke?"

Badaru ya dube shi.

"Wace mata, likita?"

Likitan ya ajiye biro. Ya juya wajen Sista Fanta, babbar nas ɗin ɗakin, wadda take wanke sirinji a gefe.

"Sista, ba cewa kika yi uban ya sani ba?"

"Haka mai jegon ta ce min," ta amsa, ba ta ɗago ba.

Likita Lawan ya sassauta murya.

"Malam Badaru, nonon iyalinka bai zo ba. Ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, ga jikin da ma ba ƙarfi. Abin da take tatsa a wuni bai fi cokali biyu ba. Muna ba ta magani, muna sa rai zai zo, amma bai zo ba tukuna. Wata baiwar Allah ce a ɗakin mata take bayarwa. Mun gwada jininta kafin mu karɓa, lafiyarta ƙalau ta wannan fannin."

"Wace ce?"

"Wannan gara ka ji daga bakin iyalinka."

"In ta tafi fa?"

"Abin da ke firji zai kai shi asuba. Bayan nan sai dai mu sake gwada madara. Ba zan ɓoye maka ba, ba na son mu sake gwadawa yanzu. Da za mu samu mako biyu, da na fi samun natsuwa."

*

Ya sami Furera a barandar bayan ɗakin, inda masu jego suke shimfiɗa tabarmi. Ta juya wa mutane baya, hannunta a cikin hijabi, kofin roba a cinyarta. Ya leƙa kofin. Ɗigo ne da bai ma rufe gindinsa ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ga Hadin?"

"Taso."

Ta ga fuskarsa, ta gane. Ta rufe kofin, ta miƙe a hankali, ta bi shi har ƙarshen baranda inda babu kowa.

"Nonon wa ɗana yake sha?"

Ta sunkuyar da kai.

"Furera, tambayarki nake."

"Likita ya gaya maka."

"Likita ya gaya min abin da ya kamata in ji daga gare ki kwana shida da suka wuce. Kullum in na zo sai ki ce min alhamdu lillahi nono ya zo. Har Inna na gaya wa kunun kanwarta ya yi aiki. Yau ma wani take damawa za ta kawo miki."

"Na yi maka ƙarya. Ka yafe min."

"Wace ce?"

Ta ɗago ido. Ya zaci kuka za ta yi, ba ta yi ba.

"Yaya Safiyatu ce."

"Wace Safiyatun?"

"Ka san wadda nake nufi. Ta gidan Yaya Basiru."

Badaru ya dafa ƙarfen baranda.

Basiru ɗan ƙanin mahaifinsa ne, ya girme shi da shekara huɗu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a ƙauyensu na arewa da Ɗanbatta, gonakinsu kuma a manne suke, don asali gona ɗaya ce ta kakansu. A wajensu babu daji, babu saura. Inda kunyarka ta ƙare, nan ta wani ta fara. A kan kunya uku da wata bishiyar ɗorawa aka je gaban dagaci, daga nan aka je gaban alƙali, alƙali ya ba Basiru. Mahaifin Badaru, Malam Nababa, bai sake taka wannan gonar ba har ya rasu da shekara ta zagayo. Mutane suka ce ajali. Badaru a ransa ya ce baƙin ciki.

Shekara shida ke nan ko a sahun masallaci ba sa haɗa kafaɗa.

"Duk matan da ke asibitin nan," ya ce, "ba ki samu kowa ba sai ita?"

"Ban nema ba, Malam. Ban ma san ana nema ba."

"To yaya aka yi?"

Ta jingina da bango.

"Ranar da likita ya ce za a fara ba shi abinci, ya ce nono kawai, ban da madara. Tun safe nake matsa har fatar ta saluɓe, babu komai. Na shiga banɗaki in wanke fuska don kada ka ga na yi kuka. Na same ta a tsugune. Kwananta uku da rasa 'yarta. Gaban rigarta duk ya jiƙe, ƙirjin ya cika yana yi mata zogi, tana tatsewa a ƙasa."

Ta dubi kofin da ke hannunta.

"Ina tsaye ina kallon abin da ɗana yake nema yana bin kwata."

Ta gyara tsayuwa, ta ci gaba.

"Ban gaishe ta ba, don ka hana. Ita ma ba ta gaishe ni ba. Ta dubi kofin da ke hannuna, ta dube ni. Sai ta ce, kawo. Kalmar da ta faɗa ke nan. Ni ce na kai wa Sista, na ce a gwada ta. Sista ta ce mijinki ya yarda? Na ce ya yarda."

"Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ko sau ɗaya ya sha, ko ta roba ne, in dai ya isa cikinsa, shi ke nan. Safiyatu uwarsa ce. Basiru ubansa ne. 'Ya'yan gidan nan duk 'yan'uwansa ne har abada."

"Da ma 'yan'uwansa ne, Malam. Kakanku ɗaya."

"Kada ki gaya min wannan."

"To me zan gaya maka?" Muryarta ba ta ɗagu ba. "Biyu na zubar a tsakar ɗakina, kana gona, Inna ce ta kwashe. Wannan na ji kukansa. Da Bayahudiya ce ta ce min kawo, da na miƙa."

"Da kin tambaye ni."

"Da na tambaye ka, da ka tsaya tunani. Shi kuma ba shi da kwanakin da zai jira ka gama tunani."

Wata mai jego ta wuce da bokiti, suka yi shiru har ta sha kwana.

"An ba ta maganin da zai ƙafar da nonon," in ji Furera. "Tun ranar da yarinyar ta rasu aka rubuta mata. Yana nan a ƙulle a gefen zaninta, ba ta sha ko ɗaya ba. Ga ɗinkin aikin da aka yi mata ya ƙi warkewa, ga hawan jini. Duk bayan awa uku sai ta tashi zaune ta tatsa, tana cije leɓe. Ba ta taɓa cewa in kai ta ta ga yaron ba. Sau ɗaya ta tambaye ni sunansa."

"Basiru ya sani?"

"Bai sani ba."

"Kuma yau zai zo ɗaukarta."

"Bayan la'asar, in ji ta."

Ya juya zai tafi.

"Malam."

Ya tsaya, bai waiwayo ba.

"In fushi za ka yi da ni, ka yi, na cancanta. In ma gidanmu za ka ce in tafi, in ya warke sai in tafi. Amma yau ɗaya, ka ajiye Baba a inda Allah Ya ajiye shi, ka dubi mai rai."

*

Ya yi azahar a masallacin asibiti, ya fito ya zauna a gindin darbejiya.

Hadari yana haɗuwa ta gabas. A gida yanzu kowa yana gona ana maimai. Tasa gonar ciyawa ta kusa shanye geron, ga shi bana ko buhu ɗaya na taki bai saka ba, kamar yawancin mutanen garinsu. Tun da fetur ya tashi, zuwa Kano ya zama abin da sai an yi shawara a gida. Shi ya sa yake kwana uku huɗu a barandar masallacin nan kafin ya leƙa ƙauye.

Ba gonar ce ta dame shi ba. Wata rana ce da yake ta ture ta daga ransa tana dawowa.

Ranar sunan Hadi. Sunan da aka raɗa ba jariri ba mai jego. Ya gama da mutane, ya hau mota, ya sauka a ƙofar asibitin nan da rana tsaka. Sai ga Basiru yana fitowa, da wani abu a naɗe cikin zani, ya rungume shi da hannu biyu. Yana ta ɗaga kai yana neman abin hawa.

Suka haɗa ido.

Badaru ya san abin da ke cikin zanin. Ya ji tun a gida cewa an kawo Safiyatu da jijjiga, an yi mata aiki, an ciro mace. Ya sani sarai. Sai ya juya wajen mai sayar da ruwan leda, ya tsaya yana lalube a aljihu, har sai da ya tabbatar mutumin ya yi nisa.

A lokacin ya ce wa kansa ai shi ma da nasa tashin hankalin.

Ƙarfe biyu ya koma ɗakin jarirai. Lokacin abinci ne. Sista Fanta ta ɗauko ɗan kofi, ta ɗumama shi a ruwan zafi, ta zuƙa a sirinji, ta haɗa da robar bakin yaron. Ba ta matsa ba. Ta ɗaga shi sama kawai, farin ruwan yana sauka da kansa a hankali.

"Duka ke nan?" ya tambaya.

"Duka ke nan. Cikinsa bai fi ƙwallon goruba ba." Ta dube shi ta saman tabarau. "Ka wanke hannu?"

"Na wanke."

"Zura ta nan."

Ya zura hannu ta 'yar tagar kwalbar. Ya taɓa tafin yaron da ɗan yatsa. Yatsun nan kamar tsinken tsintsiya suka naɗe a kai, ba su ma zagaye shi ba.

"Shekarata ashirin da biyu a ɗakin nan," in ji Sista, idonta a kan sirinjin. "Na ga wanda ubansa ya zo da mota uku, bai kwana ba. Na ga wanda aka kawo a kwali, yanzu yana jami'a. Ba na yi wa kowa alkawari. Amma wannan yana so ya zauna."

Bai zare yatsansa ba sai da sirinjin ya ƙare.

*

Basiru yana zaune a benci a ƙofar ɗakin mata, jakar bakko a tsakanin ƙafafunsa, takardar sallama a hannu. Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu, wadda Badaru bai san da ita ba, don ya daɗe bai kalle shi kusa haka ba.

"Salamu alaikum."

Basiru ya ɗago.

"Wa alaikumus salam."

"Yaya."

"Shekara shida ban ji wannan sunan a bakinka ba. Lafiya?"

Badaru ya tsuguna a gabansa, a kan siminti.

"Ya haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ce. Allah Ya ba da masu albarka."

"Amin." Ya ninke takardar hannunsa. "Yau kwana tara."

"Na sani."

"Ka gan ni."

"Na gan ka."

"Masu adaidaita biyu suka ƙi ɗaukata da suka gane abin da ke hannuna. A mota a cinya na riƙe ta har gida. Wata tsohuwa a kusa da ni tana ta cewa, wannan yarinya akwai barci, ka buɗe mata fuska ta sha iska. Ba wai da ka zo za ka dawo min da ita ba ne. Jakata kawai nake neman mai riƙe min."

Badaru ya kasa ɗaga kai.

"Ba ni da abin cewa, Yaya. Na yi abin da ko bare ba zai yi ba."

"To na ji gaisuwa. Sai me? Don na san ba ita kaɗai ta kawo ka ba."

Badaru ya gaya masa. Bai yi kwana-kwana ba. Madarar gwangwani, kumburin ciki, nonon Furera da bai zo ba, banɗaki, kofi, kwana shida. Basiru yana sauraro, fuskarsa ba ta nuna komai ba, sai dai takardar da ya ninke ya sake ninkewa har ta zama 'yar mitsitsiya.

Ana cikin haka Safiyatu ta fito. Tana tafe a hankali, hannu ɗaya a mara, Furera tana riƙe da ɗayan. Da ta ga mazan biyu, ta tsaya cak.

"Gaskiya ne?" in ji Basiru.

"Gaskiya ne."

"Maganin da na sayo miki fa?"

"Yana nan."

"Ba ki tambaye ni ba."

"Ban tambaye ka ba, Malam. Da na tambaya me za ka ce?"

Basiru ya dubi takardar hannunsa.

"Ban sani ba," ya ce daga baya.

"Ni ma ban san me za ka ce ba, shi ya sa." Ta zauna a ƙarshen bencin da ƙyar. "Tawa ko sau ɗaya ba ta sha ba. Nonon ya zo, ba ta nan. In ina zubarwa sai in ji kamar ita nake sake zubarwa. Da na fara zubawa a kofin nan ne na fara iya barci."

Furera ta juya fuska tana goge ido da hijabi.

"Mako biyu likita ya ce," in ji Badaru. "Kafin nan ana sa ran na Furera zai zo. Akwai gwaggon Furera a Ungogo, tana da ɗaki, ba nisa. Ko ta zauna nan tare da masu jego, a riƙa duba mata ɗinkin. Na san akwai yara a gida. Na san aiki ya taso. Ni zan yi maka maimai, gonarka kafin tawa. Maganar ɗorawa kuma, daga yau ba ni ba..."

"Dakata."

Basiru ya ɗaga hannu.

"Kada ka kawo min ɗorawa nan. Wannan abin ba na musaya ba ne. In ka sake haɗa su, tashi zan yi."

"Na bari."

"Sau nawa ya sha?"

"Duk bayan awa uku," in ji Furera.

"To ya wuce tambaya. Ɗana ne, ko na so ko ban so ba."

"Ko za ka zo ka gan shi?" in ji Badaru. "Ta taga ma ana gani."

"A'a. In na gan shi ba zan iya faɗin abin da zan faɗa ba. Kuma sai na faɗa."

Ya juya wajen matarsa.

"Safiyatu, kin ɓoye min abu, ni ma na ɓoye miki. Na ce sai kin warke, sai kin yi arba'in, ko ma kada ki taɓa ji. Amma ba zan bari ki zauna kina ba da jinin jikinki a kan abin da ba ki sani ba."

"Me ya faru?"

"Ranar da na kai yarinyar gida, mata suna cike a gidan su Badaru ana shagalin suna. Katanga ɗaya ce, kin sani. Ina tsakar gida ina jiran a kawo likkafani. Labari ya shiga can. Na ji shiru ya sauka. Sai na ji muryar Inna Hure."

Badaru ya ɗago. Inna Hure mahaifiyarsa ce.

"Me ta ce?" Safiyatu ta tambaya.

Basiru ya dubi Badaru, ba matarsa ba.

"Cewa ta yi, alhakin Malam Nababa ne ya fara fita. Ta ce wanda ya ci gonar marayu, a 'ya'yansa zai gani. Ta ce wannan ta farko ce."



"'Yarmu Bilki tana tsaye kusa da ni," ya ci gaba. "Shekararta tara. Ta ce, Baba, mu ma mutuwa za mu yi?"

"Wallahi ban sani ba, Yaya," in ji Badaru. "Na riga na taho Kano."

"Na san ba ka nan. Da kana nan ma ban san ko za ka hana ta ba."

Safiyatu ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga na Furera a hankali, ta ɗora a cinyarta. Tana kallon siminti.

"Yaya Safiyatu," in ji Furera.

"Ni ba zan ce ki zauna ba, ba zan ce ki tafi ba," in ji Basiru. "Jikinki ne, 'yarki ce aka faɗa wa magana. Motar ƙarshe ta garinmu tana tashi kafin magariba. In kin ce mu tafi, ga jaka. In kin ce za ki zauna, ni zan kai ki Ungogo da kaina. Amma yanzu kin sani."

Badaru yana tsugune. Ya so ya roƙe ta, ya rasa da wane baki. Iskar hadari ta taso, ta kaɗa labulen ƙofar ɗakin mata.

Daga can ƙarshen baranda aka ji takun silifa, ana jan ƙafa ɗaya. Ya san takun tun yana yaro.

Inna Hure ce, da fulas ɗin kunu a hannu, ƙullin kaya a ka. Ta rage tafiya. Ta kare ido da tafin hannu tana hangen bencin.

"Badaru? Kai ne a tsugune a ƙasa? Gaban wa?"

Ya yunƙura zai tashi ya tare ta tun daga nesa.

"Zauna," in ji Safiyatu.

Karo na farko ke nan da ta yi masa magana cikin shekara shida. Ta ɗago kai, ta gyara hijabinta.

"Ku bar ta ta ƙaraso."